Jelar Sundara da Dokar Fari

A wani kurmi da ke bakin kogin Ganga, dabbobi sun daɗe suna alfahari da cewa ba a motsi a cikinsu sai da ƙa'ida. Ƙa'idar nan suna kiranta darma, wato abin da ya hau kan kowace halitta ta aikata. Akwai darmar kowa da kowa: faɗin gaskiya, yin kyauta, da kame hannu daga cutar da mai rai. Akwai ta jinsi, wadda ake haihuwar kowa a cikinta: Sarki Damisa ya tsare daji, Malam Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya yana karanta wa fada doka, barewa ta ci ciyawa ta yi shiru. Sai wata ƙarama da magabata suka ajiye don ranar wuya, ita ce darmar lokacin matsi. Idan fari ya tsananta, an yarda babba ya sauko ya ci abin da aka hana shi don ya rayu. Ba a ce ƙarami ya hau ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayar dalili.

Sundara dawisu ne, kuma darmarsa ɗaya ce tak. Ran da ruwan farko ya sauka, zai buɗe jelarsa a gaban fada ya yi rawa. Rawar nan ce ke rufe lokacin matsi, kowa ya koma kan ƙa'idarsa. Sauran shekara kuwa aikinsa yin kyau ne, kuma bai taɓa yin sakaci da shi ba.

Wata shekara fari ya zo, fada ta buɗe dokar matsi. Sarki ya fara cin barewa yana share hawaye. Malam Zalɓe, wanda a da ko tururuwa ba ya takawa, ya riƙa haɗiyar kifi ido a rufe don kada ya ga zunubin. Dila, mai aiken fada, kullum da safe yana zuwa gidan da layi ya zo kansa ya karɓi abin da matsi ya halatta. Talakawa suka rame, fada ta yi kumatu.

A wannan lokacin ne aka tuna da darajar Sundara. Aka matso da shi kusa da sarki, aka riƙa zuba masa shinkafa sabuwar sussuka, wadda shi ma bai tambayi inda ta fito a tsakiyar fari ba. Ran nan Malam Zalɓe ya dubi jelarsa ya yi ajiyar zuciya.

"Ɗana Sundara, kyauta darmar kowa ce, amma ba kowa aka ba abin bayarwa ba. Da za ka taimaki tsoho da gashi ɗaya, in riƙa nuna layi da shi in ina karatu."

Sundara ya cire ya ba shi, fada ta ɗauki kirari. Kirarin nan ya yi masa daɗi fiye da shinkafar. Washegari sarki ya nemi na mafici, Dila ya nemi na ado, 'ya'yan fadawa suka nemi na wasa. Duk wanda ya roƙa ya samu. Dawisu ba ya ganin bayansa, kuma a fada babu mai gaya masa.

Sai damina ta faɗi. Sundara ya ji ƙafafunsa suna ƙaiƙayin rawa, ya miƙe, sai Malam Zalɓe ya dafa shi da fiffike.

"Kada ka yi gaggawa, ɗana. Wannan ba ruwa ba ne, raɓa ce ta yi ƙiba."

Sundara ya yi dariya ya zauna. Raɓar ta ci gaba da ƙiba har kogi ya cika ya tumbatsa, ciyawa ta kai ƙugun giwa. Ya san gaskiya sarai, kuma kunya tana cinsa duk lokacin da barewa ta bi shi da kallo. Amma kunya ba ta hana shinkafa wucewa, kullum sai ya ce gobe.

Yana cikin goben ne matarsa Malati ta tare shi a bakin sheƙa, tana kwance kan ƙwayayenta.

"Maigida, Dila ya zo. Ya ce layi ya iso kanmu, yau bayan zaman fada zai kwashi ƙwan nan."

"Ƙwaina? Bai san ko ni wane ne ba?"

"Ya sani mana. Har ya ce in gaishe ka. Ni dai ba doguwar magana nake so ba, ka je ka yi rawarka."

Tsoro ya kama Sundara, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ruga fada, ya tarar an zauna ƙarƙashin babbar cediya, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Malam Zalɓe ne ke jawabi, ruwan sama na ɗiga daga bakinsa.

"Ran sarki ya daɗe, ya ku manyan daji! Wasu marasa karatu suna yawo da zancen wai fari ya wuce, don kawai sun jiƙe. Jiƙewa ba hujja ba ce. Magabata ba su ce a duba sama ba, cewa suka yi a duba dawisu. Mu kuwa bayin doka ne, ko za mu nutse ba za mu riga ta ba."

"Ranka ya daɗe," Sundara ya ɗaga murya, "ga dawisu nan, a duba shi!"

Ya fito tsakiyar fili. Bareyi suka miƙe, zomaye suka leƙo daga ramuka. Ya ja numfashi, ya girgiza jiki, ya ɗaga jela da dukan ƙarfinsa. Sai ya ji iska mai sanyi a inda bai saba jin ta ba. Ya waiga. Wasu 'yan tsirarun gashi ne tsaye a bayansa, kamar tsohuwar tsintsiya.

Duk da haka ya yi rawar. Ya taka, ya juya, ya sake takawa cikin taɓo har numfashinsa ya sarƙe. Babu wanda ya yi dariya a cikin talakawa.

Malam Zalɓe ya gyara tsayuwa, ya nuna shi da gashin nan da yake nuna layi.

"Doka ta ce ya buɗe jela ya yi rawa. Rawa mun gani, kuma ta yi kyau. Jela ce ba mu gani ba. Saboda haka fari na nan. Amma kada a zargi ɗanmu Sundara, darmar kyauta ya cika, kuma ya cika ta har ƙarshe. Za mu jira sabon gashi ya tsiro, ina kuma roƙon ya tuna da tsoho idan na farko ya fito."

Sarki Damisa ya yi hamma ya amince. Aka yi addu'ar samun ruwa, aka tashi da wuri saboda ruwa.

Sundara na jan ƙafa zuwa gida ya haɗu da Dila yana dawowa da kwando a ka. Dila ya rusuna ya gaishe shi da ladabi, ya wuce a hankali. Ya lulluɓe kwandon da gashin dawisu masu sheƙi, don kada ruwa ya taɓa ƙwan.