Shugaba Za Ta Faɗi da Kanta

Duk ranar da aka zauna rubuta tarihin dariya a duniya, dole a raba shi gida biyu: kafin Uwar Dariya da bayan Uwar Dariya. Wannan ba zancen 'yan koren fada ba ne. Ita da bakinta ta faɗa, kuma an rubuta shi da ruwan gwal a bangon ofishinta, daidai saman na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga a cikin bokiti.

Asalin daular kuwa kujerar roba ce. Wata rana a ɗakin jiran likitan haƙori kujerar ta baje da ita a gaban jama'a, ta miƙe a rikice ta ce wa kujerar sannu. Da ta koma gida sai ta rubuta abin da ya faru a wayarta, ta buɗe shafi ta sa masa suna Yau Ma Ni Ce. Mata suka yi masa caa. Gobe ta ƙona tukunya, jibi ta shiga motar wani bawan Allah bisa kuskure har ta ce ya rage rediyo, gata ta je makarantar ɗanta ta wanke malamin wani aji daban tas. Duk abin kunyar da ya same ta sai ta baje shi a faifai, kowace mace ta karanta ta ga kanta, ta yi dariya har da hawaye.

Daga nan masu talla suka fara sallama. Shafi ya haifi bidiyo, bidiyo ya haifi shirin murya, shirin murya ya haifi ofis a hawa na uku mai ƙofofin gilashi. Aka ɗauki ma'aikata, aka yi musu sassa, kowane sashe da shugabarsa. Suna ma ya yi ƙiba, ya koma Kamfanin Yau Ma Ni Ce na Yaɗa Labarai da Nishaɗi na Ƙasa da Ƙasa. Ita kuma ta zama Shugaba. Uwar Dariya sai a bango da katin gayyata.

To, wanzami ba ya son jarfa. Ranar da aka kawo mata kujerar fata mai juyawa ta tara ma'aikata ta yi jawabi.

"Ku saurara da kyau," in ji ta. "Shugabar kamfani ba ta faɗuwa. Hannun jari ne ke faɗuwa, shi ma ba da son ranmu ba. Daga yau na ɗaga abin kunya daga matsayin tsautsayi zuwa matsayin sashe."

Haka aka buɗe Sashen Abin Kunya, aka naɗa ƙanwarta Auta ta riƙe shi. Zaɓi ne na masu hangen nesa, don Auta tun tana rarrafe ƙasa ke ƙaunarta. Aikinta shi ne ta ji kunya a madadin Shugaba. Kwamiti kan zauna duk mako ya yanke irin abin da zai same ta, a haɗa ta da mai kyamara su fita. Matsalar ɗaya ce: Auta ba ta iya bin tsari. Idan an ce ta zubar da shayi a jikinta, sai ta kai kofin lafiya lau har inda aka aike ta, ta juyo ta yi karo da ƙofar gilashi. Idan an ce ta yi karo da ƙofa, sai ƙofar ta buɗe da kanta, takalminta ya maƙale a ramin kwata. Masu kallo suka ninka. Shugaba takan duba alƙaluman ta gyaɗa kai irin na manomin da gonarsa ta yi kyau.

"Auta gangar jiki ce kawai," takan gaya wa baƙi. "Ruhin faɗuwar yana nan ofishin."

Akwai wani abu guda da Shugaba ke so a duniya, kuma kowa a kamfanin ya san shi. A babban shataletalen da motoci ke cunkushewa akwai allon talla mai faɗin bangon gida. Kullum takan sa direba ya ƙara zagaye ɗaya don ta auna shi da ido. Ta riga ta yanke inda fuskarta za ta zauna da inda za a bar wa rubutu.

Sai ga manajan wani kamfanin katifa ya hawo bene, ɗan gajere mai yawan share zufa. Ya ce sun kama allon shataletale, suna son fuskar Yau Ma Ni Ce a kai. Abin nema ya samu. Shugaba ta yi murmushin da take ajiye wa manyan baƙi, ta ce ta amince ta sadaukar da fuskarta don ci gaban barci.

Manaja ya share wuya. "Ranki ya daɗe, mai faɗuwar muke nufi. Katifa muke sayarwa."

Shugaba ta janye murmushin manyan baƙi.

"Malam," in ji Shugaba, "lokacin da nake faɗuwa, yarinyar nan ko tsayuwa ba ta ƙware ba. Ni na kawo faɗuwa gidan nan. Ka dawo mako mai zuwa da katifarka, za ka ga yadda ake yi tun daga tushe."

Da ya fita Auta ta leƙo, da filasta a goshi, shaidar aikin jiya.

"Yaya, don Allah ki bar zancen nan."

"Babu Yaya a ofis."

"To, Yaya Shugaba. Ni fa ba son allon nake ba. Baban yara ya ce ranar da aka kafa ni a shataletale zai canza hanyar zuwa aiki. Amma faɗuwa ba a yi mata shiri. Ita take zuwa ta same ki."

"Shi ya sa har yau kike ƙaramar ma'aikaciya," in ji Shugaba. "Kina jira abu ya same ki. Mu manya mu ke samun abu."

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka aka kafa Kwamitin Faɗuwar Shugaba. Zaman farko ya ƙare a kan muhawarar ko ta gaba za ta faɗi ko ta baya. Sashen Talla ya ce ta baya, don fuska ta fito. Aka kira tela ya ɗinka doguwar riga ta musamman, ya jera ƙananan ƙarafa a cikin leɓen rigar na ƙasa, yadda ko Shugaba ta wuntsila rigar za ta tsaya a kan mutuncinta. Aka yanke cewa kujerar roba za ta karye da ita, don girmama tarihi. Sakatariya ta sayo irin ta gidajen haya, Shugaba ta dube ta sau ɗaya ta kau da kai.

"A kan wannan zan faɗi? Ku nemo wadda ta dace da ni."

Aka nemo mafi tsada a gari, mai kauri kamar turmi. Kafinta ya zo ya ɗan yanki ƙafar kujerar ta baya da zarto, yana yi yana ba ta haƙuri.

Saura dariya. An daɗe ba a yi wa Shugaba dariya ba, har wasu sababbin ma'aikata ba su san ana yi ba. Sai aka fitar da sanarwa cewa an halatta ta a wannan rana kaɗai, matsakaiciya, kuma shugabannin sassa ne za su fara, na ƙasa su bi bisa tsarin girma. Aka shiga gwaji. Shugaba ta miƙa wa sakatariya jaka, ta cire tabarau, ta gyara ɗankwali, ta dafa tebur, ta durƙusa a hankali, sannan ta miƙe a kan kafet ta lumshe ido.

"Yaya kuka gani?"

"Ranki ya daɗe," in ji mai kyamara, "wannan ai kwanciya ce."

Wata yarinya daga Sashen Murya ta tuntsire da dariya tun kafin shugabarta ta buɗe baki. Washegari aka mayar da ita ɗakin ajiyar kaya, don ta je ta yi nazarin bambancin dariya da raini. Sauran suka ɗauki darasi, kowa ya kama bakinsa.

Ranar ta zo. Aka share babban ɗakin taro, aka shimfiɗa wa tebur farin mayafi, aka jera kofunan girmamawar da kamfani ya ci da waɗanda ya ba kansa. Manaja ya iso da katifa sabuwa fil cikin leda, aka kwantar da ita a bayan kujerar. Shugaba ta shigo, ƙarafan riga na kaɗawa a hankali, ta tsaya gaban makirufo.

"Jama'a," in ji ta, "kowa na iya faɗuwa. Akuya ma tana faɗuwa. Amma faɗuwa mai manufa, faɗuwa mai hangen kasuwa, wadda za ta tashi da riba a hannu, wannan sai an haifi mutum da ita. Abin da za ku gani yanzu ba haɗari ba ne. Jagoranci ne."

Aka tafa bisa tsarin girma. Ta juya, ta buɗe hannuwa, ta zauna.

Kujera ta karɓe ta hannu bibbiyu.

Ta ɗan jingina baya. Shiru. Ta ɗaga ta sake zama da ƙarfi, murmushi na nan daram a fuskarta. Kujerar ko ƙara ba ta yi ba. Mai tsada ce, ta san aikinta. Shugaba ta shiga sukuwa a kanta, sama da ƙasa, sama da ƙasa, ɗankwali na zamewa, manaja na duba agogo a sace. Wani daga baya ya ce a hankali, "Allah ya ba da sa'a."

Nan haƙurinta ya ƙare. Ta zabura ta miƙe tana nuna ƙofa. "Ina kafintan nan? Ku kira min..."

Tsinin takalminta ya shige leɓen riga, ƙarafan tela suka riƙe shi gam. Ta yi gaba. Ta kai hannu ta cafki mayafin tebur, mayafi ya biyo ta da kofuna da furanni da tulun ruwa. Ta yi juyi ɗaya a iska, ta rungumi makirufo, ta ce "Wayyo Inna!" da muryar da duk lasifikokin ɗakin suka maimaita, sannan ta sauka a kan siminti, can nesa da katifa, ƙafa ɗaya a ƙarƙashinta. Wani kofin girmamawa ya gangaro ya tsaya a gefen kunnenta yana lilo.

Gaskiya ɗaya ce: tun da aka kafa kamfanin ba a taɓa faɗuwa irin wannan ba. Ta fi ta ɗakin likitan haƙori nesa ba kusa ba. Shugaba ma ta san haka. Tana kwance, zafi na hawa mata har ƙwaƙwalwa, ta kasa kunne tana jira.

Shugabar Sashen Talla ta dubi ta Sashen Bidiyo. Ta Bidiyo ta dubi ta Murya. Ta Murya ta tuna ɗakin ajiyar kaya ta dubi silin. Mai kyamara kuwa tun da ya ga abin ya zama na gaske ya sunkuyar da kyamararsa ƙasa, don ladabi.

"Subhanallahi!" in ji manaja. "Sannu, ranki ya daɗe! Sannu! A kawo ruwa!"

"Ku yi dariya mana," in ji Shugaba daga ƙasa, tana cije leɓe. "Na ba da izini."

"Sannu, ranki ya daɗe," ɗakin ya amsa baki ɗaya.

Auta ce kaɗai ta rugo da gudu. "Yaya! Ƙafarki!" Ba ta kai ba. Wayar makirufo ta harɗe ta, ta tashi sama da hannuwa a baje, ta dira a tsakiyar katifa. Katifa ta cilla ta, ta sake karɓe ta. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ɗakin ya fashe, babu babba babu ƙarami, manaja har da dukan cinya, kuma Allah ya sa mai kyamara ya riga ya ɗago.

Shugaba ta ƙi asibiti, ta ce a can za a gane ta, labari ya bazu, kasuwa ta girgiza. Sai direba ya kai ta wurin wani mai ɗori a bayan garejin gyaran motoci, inda ya tabbatar mata ba wanda ya san ta. Haka kuwa aka yi, ba wanda ya san ta, sai da ta yi musu bayani da kanta. Mai ɗori ya ja ƙafar, ta yi ƙarar da ta sa makanikai suka ajiye sifana. Da ya gama ɗaurewa ya ce tunda babbar mace ce, ko za ta yarda a ɗauki hoto don tarihi. Jin kalmar tarihi, Shugaba ta share hawaye, ta gyara ɗankwali, ta tallafi haɓa da hannu ta dubi nesa.

Allon shataletale ya fito da Auta a sararin sama, katifa na jiranta a ƙasa. Mijinta ya canza hanya kamar yadda ya yi alkawari.

Shugaba ma ta hau allo. Yana ƙofar mai ɗori, an kafe shi da ƙusa a jikin langalanga: ga ta ta tallafi haɓa, ƙafarta a kan cinyarsa. A ƙasan hoton an rubuta da jan fenti: Ana ɗorin mutane da na awaki.