Rasuwar Maƙogwaro, Bututun Ɗumi na Lungun Mero

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyin da suka yi sanyi, Malam Baffa magini na unguwar Soron Ɗinki yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Maƙogwaro, bututun yumɓu mai kai ɗumi da sanyi gidaje huɗu na lungunsu. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar sanyin bana na 1957, yana da shekara goma sha ɗaya a duniya da kamu tamanin a tsawo.

An haifi marigayin a gindin tanderun Mero mai gurasa. Baffa ya daɗe yana jin takaicin zafin da ke tashi a banza daga tanderun nan kowace safiya, alhali tsofaffin lungu suna wayar gari a dunƙule. Sai ya sa masu ginin tukwane suka yi masa bututu irin na indararo, ya jona su baki da baki, ya liƙe da laka, ya binne, ya bi da su ƙarƙashin gadajen ƙasa na ɗaki shida. Manyan maginan gari suka zo suka duba, suka ce ɗumi ba akuya ba ne da za a kora shi gida-gida, ko gida na biyu ba zai wuce ba. Baffa ya koma haƙa. Ya ƙara kamu ashirin da hannunsa, ya ƙetare lungu, ya kai har ɗakin Malam Ilu baduku, tsoho mai ciwon sanyin ƙashi, wanda gidansa ne na ƙarshe. Tun daga ranar mutuncin Baffa a wurin magina ya rataya a kan kamu ashirin ɗin nan.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya ci sai abin da gurasa ta rage. Da sanyi, Mero na hura wuta sai a ji shi ya ce "huuu", sannu a hankali, kamar tsoho yana miƙa. Da bazara kuwa a toshe bakin wuta, a buɗe na rijiya, a zuba masa guga ashirin bayan azahar, ya bi ɗakuna yana "ƙulun, ƙulun", daɓe ya yi sanyi har mutum ya yi ƙailula bai jiƙe da gumi ba. Bai taɓa tambayar wanda ya gaishe shi da wanda bai gaishe shi ba. Aibinsa ɗaya, idan gurasa ta ƙone, gida huɗu ne ke ji.

Namiji ba ya shiga cikin gidan wani, don haka Baffa yana duba lafiyar marigayin ne a ƙofar masallaci. Kullum bayan salla zai tsaya a gefen Malam Ilu ya ce, "Ya iso?" Ilu ya ce, "Ya iso, Malam, Allah ya saka." Shi ke nan, Baffa ya ɗaga kai ya ga ɗan hayaƙi na fita ta kafar soron Ilu, ya tafi aikinsa da ƙarfin gwiwa.

Jinyar ta fara shekara uku da suka wuce. Marigayin ya soma tari yana mai da hayaƙi baya, har Mero ta ce ko dai a yi masa magani ko ita ta makance. Da bazara muryarsa ta shaƙe, ƙasar tsakiyar lungu ta riƙa danshi babu dalili. Baffa ya share masa baki, ya sake liƙi, ya zura masa gora mai tsumma har inda hannu ya kai. Bai haƙa can ƙarshe ba, tunda can ƙarshe ana ce masa lafiya lau.

Ranar Talata jakin wani mai gishiri ya taka tsakiyar lungu, ƙafarsa ta nutse har gwiwa. Marigayin ya yi "fuss" sau ɗaya, ƙura ta tashi, ya yi shiru. Jakin yana nan lafiya.

Da aka tone don a san ajalinsa, sai ga ƙullin ƙyallaye ya cushe bututun daidai inda ya bar gida na uku, gidan Mamman maɗinki. Ƙyallayen sun yi baƙi, amma ɗinkin bakin ɗaya daga cikinsu kowa ya san hannun. Mamman bai yi musu ba. Ya ce lokacin da matarsa Husaina ta haihu cikin sanyi ne ya toshe, don gadon maijego ya yi zafi sosai, da niyyar cirewa ranar arba'in. Arba'in ta zo, ɗaki ya yi daɗi. Yarinyar da aka haifa yanzu tana gudu tana zagin kaji. Ruwan bazara uku ya taru a bayan ƙullin, ya zurara ƙarƙashin lungu, ya ci ƙasar da ke tallafe da marigayin.

Baffa ya zura hannu cikin kamu ashirin na ƙarshe, ya fito da shi babu ko ɗigon sabon baƙin hayaƙi, sai yanar gizo. Ya nemi izini, ya shiga ɗakin Malam Ilu a karo na farko tun ranar gini. Ya dafa gadon, sanyi ƙalau kamar gindin randa. A gefe ga kasko da guntayen kara biyu, waɗanda tsohon ke kunnawa kowace safiya a ƙarƙashin kafa, ba don su ɗumama shi ba, don hayaƙin ya fita Baffa ya gani. Ilu ya ce shi ya ga mutumin da ya yi wata guda yana haƙa dominsa mutane suna dariya, bakinsa ba zai iya ce masa bai iso ba.

Baffa yana so jama'a su sani mutuwar bututu ba ta yi masa ciwo kamar wannan ba. Shekara uku yana karɓar godiya a hannun mutumin da ke rawar ɗari, yana jin daɗi.

Marigayin ya bar uwa ɗaya, tanderun Mero, tana nan da ranta tana aiki. Ya bar gadaje shida, rijiya ɗaya, guga mai faci, da Mamman maɗinki, wanda har yau bai fito zaure ba.

Liman ya ce ba a yi wa yumɓu salla, Baffa ya karɓi fatawar. Za a kwashe marigayin a mangala gobe Alhamis bayan la'asar, a kai shi kududdufin bayan unguwa inda aka ɗebo shi. Ba a buƙatar goro, ba a buƙatar kuka. Zaman makoki kwana arba'in ne, ko har sanyi ya wuce, kuma a ɗakin Malam Ilu za a yi shi. Duk mai zuwa gaisuwa ya taho da itace, kada ya tambayi tsohon ko yana jin ɗumi, ya dafa gadon da hannunsa.