Yadda Za Ka Sa Yayanka Ya Sa Hannu Cewa 'Yarka Ba Tasa Ba Ce

Ɗan'uwa, in an hana 'yarka bizar zuwa Faransa, kuma maganin matsalar yana hannun yayanka, ka zo inda ya dace. Ni ne Daouda na Stains, nan gefen Paris, na bi hanyar nan da ƙafata. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda suke, sa hannu kam za ka samu.

1. Ka nemo wanda za ka ɗora wa laifi

Amsar da aka aiko maka ta ce ana shakkar kai ne uban yarinyar. Kada ka suma. Takardar haihuwarta sunanka ta ɗauka, amma ta lakwal, wato makaranta, da katin asibiti duk sunan Yaya Moctar ne a wurin uba. Dalili ka san shi. Sahadatou 'yar fari ce, ana yaye ta aka miƙa wa yayanka riƙo kamar yadda ake yi, kai kuwa kunya ba ta barinka ko ambaton sunanta. Daga baya shi ya tafi Lyon, kai ka zo Paris, ita tana Zinder wurin kakarta.

To ka ɗora wa Turawa laifi, da ƙarfi, a gaban abokai. Ni na yi kwanaki ina yi, ya yi mini daɗi ƙwarai. Sai dai ka tuna lokacin ɗaukaka ƙara gajere ne, yarinyar kuma ta kusa cika sha takwas, in ta cika babu zancen sake nema.

2. Ka kunyata kanka a gaban lauya

Lauyar za ta tambaye ka sunan 'yarka. Ka ce "yarinyar". Za ta sake tambaya. Ka ce "ita ɗin dai", ka nuna takarda da yatsa, ka kalli silin. Za ta cire tabarau ta dube ka kamar yadda ake duban mai sayar da agogon jabu. Tawa har ruwa ta ba ni, tana zaton ciwon mantuwa gare ni.

Daga nan za ta faɗa maka abin da ake bukata: yayanka ya sa hannu a kan shaida cewa ba shi ne ubanta ba, riƙo kawai ya yi. Ka ce mata ai wannan mai sauƙi ne, uwarku ɗaya ubanku ɗaya. Masana sun tabbatar wannan ita ce magana ta ƙarshe da za ka yi da fara'a.

3. Ka kira shi a waya, kada ka faɗi komai

Ka gaishe shi yadda ya kamata. Iyali, kasuwa, sanyi, ciwon gwiwarsa, sanyi kuma. Idan ka kawo bakin maganar, zai ce kiliyan ya shigo kanti sayayya, ya kashe. Yaya Moctar yana jin ƙanshin roƙo tun daga sallama. Ka maimaita kiran har sai ka san labarin gwiwar nan fiye da likitansa.

4. Ka sauka Lyon da kilishi

Ka shiga jirgin ƙasa, ka nufi kantinsa a unguwar Guillotière. Kada ka ce ka zo da magana, ka ce zumunci ne ya kawo ka. Zai yi murna, ya ba ka kujera, kafin ka ankara kana auna wa mata garin rogo kana ɗaga buhunan shinkafa. Ka daure. Ni har wata tsohuwa ta yaba wa Alhaji Moctar da ya samu sabon ma'aikaci mai ladabi, ban musa ba, shi ma bai musa ba.

5. Ka faɗi abin da ya kawo ka

Ka bari sai an idar da sallar la'asar, ya zauna da shayinsa. Ka durƙusa, ka fito da shaidar da lauya ta tsara, ka yi bayani a hankali. Zai saurara har ƙarshe. Nawa ajiye kofin ya yi ya ce: "Mi kake so in ce, Daouda? In rubuta ma Bature Sahadatou ba ɗiyata ba ce? Ni da na goya ta zuwa likita ranar da ta yi ƙyanda? Jamais, har abada. Sha shayinka."

Ka sha. Kada ka ce ai kai ka haife ta, don bakinka ba zai iya ba. Ni na gwada, tari ne ya fito.

6. Ka bi ta ɗakin girki

Matarsa, Hajiya Rékia, ita ce ofishin da ke aiki a gidan. Ka shiga da niyyar kai ƙarar mijinta, ka shirya kalmomi irin su taurin kai. Za ta bar ka ka gama, tana yanka albasa. Sannan ta gaya maka cewa shekarar da suka zo, shi ya fara neman kawo yarinyar, aka ce masa a takarda ba tasa ba ce. Bai gaya wa kowa ba, kwana biyu bai buɗe kanti ba.

A nan duk jawabin da ka shirya zai lalace. Na ji kunya, na ji tausayinsa, na kuma ji haushin na ji tausayin, don ni ma 'yar nake so. Ka taya ta yanka albasar, tana da amfani a irin wannan lokaci.

7. Ka karɓi sa hannun, ka yi shiru

Abin da Hajiya za ta faɗa masa ba ruwanka. Da safe zai kira ka bakin kanta, ya tambaye ka me yarinyar take son karantawa. Ba za ka sani ba. Zai gaya maka injiniya ce, kuma ya riga ya je ya ga makarantar a Villeurbanne, nan kusa da Lyon. Sai ya ja takardar ya sa hannu ba tare da ya karanta ba.

"Kai musu," in ji nawa. "Don ta zo na yi. Ɗakinta kuma nan yake."

Zai shige sito ya ce zai gyara buhuna. Buhunan nan jiya ka jera su da hannunka. Kada ka bi shi.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba lauya ba ne, ƙararsa ma har yanzu ba a amsa ta ba. Ba shi da alhakin ciwon baya, ko warin kilishi a jaka, ko abin da zai biyo baya in rawar kai ta sa ka kira yarinyar daga cikin jirgi don yi mata albishir. Tawa ta saurare ni da ladabi, sannan ta ce: "Baba da hannunshi ya sa cewa ni ba ɗiyarshi ba ce?"

Na ce mata ai takarda ce kawai. Ta ce to, ta gode, a gaida mutanen Paris. Abin da ake yi bayan wannan ban san shi ba, kada kowa ya tambaye ni.