Kwamfutar Ofishinmu Tana Gaida Ku

Ranar Litinin na raka maƙwabcina Sahabi karɓo irin gero a wani ofis da ba zan faɗi sunansa ba, don ina son ci gaba da kwana a gidana. An yi ruwan shuka, ƙasa ta jiƙe daga Filinge har Tabla, buhunan iri kuma ga su jibge a magaza, wato ɗakin ajiya, muna hango su ta taga. Sai dai ba a ba da iri sai da tike, tike kuma kwamfuta ke fitar da shi, ita kuwa da an taɓa wurin bugawa sai ta sandare kamar jakin da ya ga rijiya.

Sahabi ya ce wa ma'aikacin wurin da ɗan Faransancinsa, "Mushe, a rubuta mani da hannu mana."

Aka ce masa haba, ai mun ci gaba.

Surukina Aminu shi ke danna na'urar, shi ya warware mini zancen. Manhajar da ke tafiyar da ita ta kyauta ce, aikin gayya ne na wasu bayin Allah a ƙasashe daban-daban. In ta yi maka gardama, akwai shafin da za ka shiga ka faɗi abin da ka danna da abin da ya faru, su gyara. In kana son a ƙara maka wata sabuwar manhaja, nan ma za ka roƙa. Ba sa neman rago, ba sa neman a yi musu fadanci.

To a nan gizo ke saƙa. Mai Girma Uban Ofis, Allah ya ƙara wa rawaninsa tsawo, ya ce ba a kai ƙara waje ba da saninsa ba, shi zai shifta da bakinsa. Ya gyara zama. Ya gaida masu manhajar, ya tambayi iyalinsu, da gajiya, da damina. Da aka zo kan matsalar, Aminu ya ce, "Ranka shi daɗe, in ce ta lalace?"

"Kai! Gaban baƙi? So kake su ce ba mu iya riƙon kaya ba? Rubuta komi lahiya lau, sai 'yan abubuwan da ba a rasa ba. Masu hankali na, za su gane."

Wajen roƙon sabuwar manhaja kuwa bakinsa bai yi nauyi ba: a taimaka da wadda za ta sa hotonsa ya fito da zarar an kunna.

Amsa ta zo da wuri. Sun ce sun ji daɗi da komai ke aiki, tunda babu matsala sun rufe maganar. Mai Girma ya sa aka buga amsar a shagon cikin kasuwa, tunda tasa na'urar ba ta bugawa, aka sa mata gilashi, aka tara mu cikin rana aka karanta mana shaidar yabo daga ƙasashen waje. Na tafa, wallahi, har da ni. Raina kuwa ya ɓaci ƙwarai, don Sahabi na gefena yana kallon hadari.

A hanya ya ce mini, "Malam, ƙasa ba ta jiran tike. Mi za ni yi?"

Washegari ya buɗe rumbu ya ɗebi geron da iyalinsa za su ci kafin kaka, ya zuba a rami. Matarsa Balkisa ta rage tukunya tun daga ranar, yaran gidan sun sani ko ba a gaya musu ba.

Jiya na bi ta bayan magazar. Gara ta fasa buhunan ta ƙasa tana ta hidima. Duk ƙasarmu ta Kurfai ita kaɗai ta karɓi rabonta a kan lokaci, kuma ban ga wanda ya tambaye ta tike ba.