Rasuwar Mai Tumbi, Jag Mai Layi Uku

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, wanda rabinsa haushi ne, ni mai awon filaye da ke zaune a hawa na biyu, a madadin kaina da 'yata da ɗaukacin kayan kicin ɗinmu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar jag ɗinmu na gilashi, wanda aka fi sani da Mai Tumbi. Ya rasu ranar Talatar makon jiya, ƙarfe biyu saura minti biyu na rana, a kan teburin kicin, bayan wata gajeriyar rashin lafiya da ba ta kai daƙiƙa uku ba. Shekararsa goma sha ɗaya yana hidima a gidan nan.

Akwai roƙo na musamman ga uwargida, wadda take can wajen kwas ɗinta na ungozoma, wadda kuma a cikin sanarwar nan za ta fara jin labari. Don Allah ki karanta har ƙasa kafin ki jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Na san ki. Saura miki mako shida ki rubuta jarrabawa, kuma ban yi kwana tara ina ɓoye gawa ba don ki watsar da karatun wata biyar ki kamo hanya.

Marigayin ya shigo gidan nan cikin kayan uwargida. Siririn wuya gare shi da ƙaton ciki, kuma shekarunsa na farko ruwan sanyi kawai yake ɗauka, babu wanda ya san darajarsa. Ɗaukakarsa ta zo ne ta dalilin 'yarmu mai shekara takwas, wadda muke kira Alƙaliya saboda ba ta taɓa sa abu a baki ba tare da ta yanke masa hukunci ba. Yarinyar nan ba ta shan madara. Ko warinta ta ji sai ta toshe hanci ta bar ɗakin. Likita ya duba siraran hannuwanta ya ce lallai a nemo dabara. Mun sa zuma, mun sa koko, mun yi lallashi, mun yi barazana, duk a banza. Sai uwarta ta shiga kicin ta yi mako uku tana gwaji, ta fito da shayin madara mai ƙanƙara da ɗanɗanon sitiroberi. Masu shagunan zamani suna da wani dogon suna da suke kiransa da shi. Mu a nan shayin Mama muke cewa.

Ga waɗanda ba su taɓa halarta ba, ga yadda hidimar take. Ana dafa sitiroberi da sukari a ƙaramar tukunya har su narke su yi kauri, a tace da mataci, a bar ruwan ya huce. Ana dafa baƙin shayi mai ƙarfi tun da safe, shi ma a bar shi ya huce sarai. Sai a zuba ruwan sitiroberi, a bi shi da shayi, a bi da madara, a juya, a ƙarshe a jefa ƙanƙara. Da jinsa abu ne mai sauƙi. Amma in sitiroberi ya yi yawa, tsaminsa ya tsinka madarar ta yi gudaji-gudaji. In shayi ya yi yawa, Alƙaliya ta ce magani ne. In madara ta wuce ƙa'ida ko da kaɗan, ta shinshina ta ture kofin.

Ranar da uwargida ta dace da haɗin da ya karɓu, ba ta nemi biro da takarda ba. Kwalbar jan farcenta ta ɗauko ta ja layi uku a cikin Mai Tumbi: na ƙasa na sitiroberi, na tsakiya na shayi, na sama na madara. Tun daga ranar, duk ilimin shayin Mama a jikinsa yake, babu shi a littafi, babu shi a kan kowa. Ita kanta mai abin in ka tambaye ta kofi nawa ne, sai ta ce, “Daidai layi mana.”

Wannan ne abin da yake ci mini rai. Shekara goma sha tara ina awon filaye. Na auna gonaki, na auna kwari da tudu, na raba gardamar iyaka tsakanin mutanen da suka kusa ba hamata iska a kan taku ɗaya. A gidana akwai tef ɗin awo guda huɗu. Amma shekara biyu jag ɗin nan yana gabana da layi uku, bai taɓa faɗo mini a rai in zuba ruwa in auna in rubuta ba. Ni da nake yi wa yaran ofis faɗa a kan kada su dogara da turke, don turke yana tafiya.

Marigayin mai haƙuri ne, ba shi da yawan magana. Muna tuna muryarsa in dogon cokali ya zagaya cikinsa, tin-tin-tin, da kuma ƙwal-ƙwal ɗin da yake yi in ƙanƙara ta faɗa masa. Wannan ƙwal-ƙwal ita ce take fito da Alƙaliya daga ɗaki ko ba a kira ta ba. Bai taɓa ƙorafin matsatsin firij ba, ko da an jingina masa ragowar kabeji. Aibinsa ɗaya, ba ya son zafi, kuma bai ɓoye wa kowa ba.

Lokacin da aka ba uwargida gurbin kwas ɗin nan, sau biyu tana rubuta takardar cewa ba za ta je ba, duk saboda madarar yarinyar nan. Ni na hana ta. Na bugi ƙirji na ce mutumin da ke karanta taswira ba zai kasa karanta layi uku ba. Ranar tafiyarta, tana bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ta juyo ta ce, “Mai awo, kada ka zuba masa mai zafi.” Na ce na ji. Ta sauka matakala uku ta sake faɗa. Na ce haba, sai ka ce yaro. Ta leƙo ta tagar mota ta faɗa na uku, na ɗaga mata hannu ina dariya. Kuma a yi mini adalci, wata huɗu da rabi ban yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Ranar Talatar na fita da sassafe zuwa wani fili, na manta ban dafa shayin safe ba. Na dawo ƙarfe ɗaya da rabi, motar makaranta kuma ƙarfe biyu take sauke Alƙaliya. Sai na yi irin wayon masu ilimi. Na cika Mai Tumbi da ƙanƙara na tura shi firiza, na kunna butar lantarki, na ce in tafasasshen shayi ya sauka a kan sanyi mai yawa, ai nan take zai huce. Lissafin daidai ne ta wajen shayi. Gilashin ne ban sa a lissafi ba. Na fito da shi yana hayaƙin sanyi, na tuntsura masa shayin. Ya ce ƙas, sau ɗaya, a hankali, kamar mai neman izinin magana. Sannan ya rabe gida bakwai, shayi ya bi ta gefen tebur ya sauka cikin takalmina. Ina tsaye da buta a hannu na ji hon ɗin motar makaranta.

Alƙaliya ta shigo, ta dubi tebur, ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, “Baba, mai zafi ka zuba masa.” Na ce ta koma falo kada gilashi ya yanke ta, na tafi neman tsintsiya a baranda.

Marigayin ya bar mataci ɗaya, wanda tun ranar yake rataye bai ce uffan ba. Ya bar dogon cokali, abokin hirarsa, wanda yanzu ya yi wa kowane kofi tsawo. Ya bar ƙaramar tukunya mai jan tabo a gindi, da tiren ƙanƙara biyu, ɗayan ya tsage tun bara amma yana fama. Ya bar murfinsa na roba, lafiyayye garau, wanda bai dace da bakin komai ba a gidan nan, na gwada. Ya kuma bar butar lantarki, wadda wasu ke nuna wa yatsa, alhali ita aike kawai aka yi da ita.

An gudanar da binciken gawa washegari a kan teburin cin abinci. Na shimfiɗa jarida, na jera sassan, na ɗaure su da salatif ɗaya bayan ɗaya har marigayin ya sake tsayawa da gindinsa. Ruwa ba zai zauna ba, don haka na zuba ɗanyar shinkafa har layin ƙasa, na juye a kofin awo, na rubuta. Na yi haka da layin tsakiya. Da na zo layin madara sai na tarar da rami. Sassa shida ne a hannuna, na bakwai babu shi, kuma shi ne mai ɗauke da layin sama. Ramin bai fi tafin hannun yaro ba, amma a daidai inda tumbin ya fi faɗi yake, inda kaurin yatsa ɗaya ya kai rabin kofi. Na janye firij, na kwance ƙasan tebur, na zazzage kwandon shara a baranda da safar hannu, maƙwabciya tana kallona ta taga.

Daga nan aka shiga kwanakin wahala. Kullum in ƙiyasta madara, kullum a kawo ƙara gaban Alƙaliya, kullum ta kori ƙarar. Laraba ta ce ruwa-ruwa ne. Alhamis ta ce warin saniya yake. Juma'a na ƙara sitiroberi don in rufe warin, madarar ta tsinke a gabanmu, muka tsaya muna kallonta tana rabuwa. Na sha kofunan da aka ƙi har cikina ya fara ƙugi a gaban mai fili. Ƙanwata ta zo ranar Asabar ta ce, “Yaya, kai ma da neman wahala. Ka saya mata na kwali mana, yaro ai yaro ne.” Na saya. Alƙaliya ta karanta bayan kwalin tsaf, ta miƙa wa gwaggonta ta ce ta sha, tunda ita ta kawo shawara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waya. Kullum da yamma uwargida za ta kira ta ce, “Ta sha?” Ni kuma in ce, “Ana sha.” Ban yi ƙarya ba, ana sha, ni nake sha. Alƙaliya tana gefe tana jina, ba ta taɓa tona ni ba, kuma wannan shirun nata ya fi zagi ciwo. Kwana takwas madara ba ta shiga cikin yarinyar nan ba. Na san in uwarta ta ji, ko gardama ba za ta tsaya yi ba, sai dai mu ji ƙwanƙwasa ƙofa.

Jiya Laraba na buɗe jakar fensirinta zan feƙe mata fensir, sai na ga safa ɗaya a dunƙule a lungu. Na warware. Sashi na bakwai ne, da jan layinsa a tsakiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tuna kwandon sharar da na zazzage, na tuna yatsunta, na kira ta da muryar da ban cika amfani da ita ba. Na ce me ya sa ta ɗauki fasasshen gilashi, kuma tana kallona kwana takwas ina rarrafe a ƙasan tebur. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Jan farcen Mama ne. Na ga ka tafi ɗauko tsintsiya.”

Na bar faɗan da na shirya. Na roƙi aron sashin na minti goma, ta ba ni bisa sharaɗin tana tsaye a wurin. Na manna shi a gurbinsa, na zuba shinkafa, na auna sau uku kamar yadda ake yi wa filin da ake rigima a kansa. Ashe duk kwanakin nan madarata ta wuce da kusan rabin kofi. Na dafa shayi, na bar shi ya huce har sai da na gaji da jira, na haɗa a sabon jag ɗin da na saya. Alƙaliya ta shinshina, ta kurɓa. Ta ce, “Bai kai na Mama ba.” Sannan ta shanye, ta miƙo kofin a ƙara. Yau ma ta sha kofi biyu. Uwargida, wannan layin na rubuta dominki, ki sake karanta shi, ki mayar da akwatin.

Za a yi jana'izar marigayin gobe Juma'a da ƙarfe bakwai na safe, lokacin da motar shara take tsayawa a bakin layi. An naɗe sassa shida a jarida ninki huɗu, an rubuta “gilashi” a jiki saboda hannun ma'aikata. Za a karɓi gaisuwa a kicin. Masu zuwa kada su kawo shawara, kada kuma a tambaye ni ko ba a gargaɗe ni ba, an gargaɗe ni sau uku.

Sashi na bakwai ba ya cikin waɗanda za a binne. Mai yankan gilashi na kan kwana ya goge masa baki har ya yi santsi, ya koma jakar fensir.

Magajin marigayin yana cikin firij, jikinsa fes babu ko ɗigo. Awon yana rubuce a littafin aikina, a bangon kicin, da cikin wayata. Na ɗauko alƙalamin da nake sa wa turaku lamba zan ja masa layi uku, Alƙaliya ta riƙe mini hannu. Ta je ta ɗauko kwalbar jan farcenki ta ajiye a kan firij, ta ce kada kowa ya taɓa.

Na ce mata mako shida fa da sauran tafiya. Ta ce ta sani, a bari Mama ta gama jarrabawarta tukuna.