Babu Mai Almakashi da Gadon Protima

A duk Kolkata babu mai tausayin tsofaffi kamar Babu Nirapada Ghoshal (a can "Babu" laƙabin girmamawa ne, kamar Malam). Wanda ke shakka ya tambaye shi, zai ba shi shaida. Mu a unguwa Mai Almakashi muke ce masa, don ko igiyar shanya ya gani sai ya laluba aljihu ya ciro almakashin yanka ƙyallen buɗe taro, ya waiga neman mai hoto.

Kwana uku ya yi a wani taro a ƙasar waje, ya dawo masanin tsofaffin da suka rayu da masoya jinsinsu. Ya gina musu gida hawa uku. Bai tambayi ko ɗaya daga cikinsu abin da yake so ba. Ina ruwan gwani da tambaya?

Cikin masu shiga har da Didi Jhorna da Didi Protima ("Didi" wato Yaya), da suka shekara arba'in da uku a ɗaki guda kafin mai gidan haya ya tashe su. Idon Jhorna ya tafi, Protima ce idonta. Babu ya ajiye Jhorna a ƙasa, ya kai Protima hawa na uku.

"Babu, wa zai riƙe mata hannu zuwa bayi?" in ji Protima.

"Didi, tsari ke nan na duniya. Mutum ɗaya, ɗaki ɗaya. Masu son zama tare su kawo takardar aure."

"Wace hukuma ce za ta ba mu?"

"Ana nazari."

Wallahi ranar na ji haushinsa.

Ranar buɗewa ya yanka ƙyalle, ya yi awa guda yana jawabi kan ƙauna har shayi ya huce. Sannan ya ja 'yan jarida zuwa hawa na uku, yana haki. Ɗakin Protima wayam, ko gado babu. Ashe tun safe tsofaffi shida suka sauko da shi, mataki-mataki, suna hutawa suna zagin gwiwa.

A ƙasa aka tarar da gadaje biyu a haɗe, Protima na cire wa Jhorna ƙayar kifi.

Babu ya gyara murya. "Kamar yadda na tsara tun farko..."

Jhorna ta juyo da kunne. "Protima, wane ne wannan mai surutu? In mai gyaran fanka ne, ya yi aikinsa ya ja mana ƙofa."