Rasuwar Maame Araba, Mai Tsinka Rodi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba zan ɓoye ba, ni Kobina Essuman, malamin gwajin kayan gini, nake sanar da rasuwar Maame Araba, injin gwada ƙarfin rodi na kwalejinmu. Ta cika ranar Laraba a gaban ɗalibai, da guntun rodi a bakinta.

Marigayiya ba ta san ɗan wane ba. Ko daga shagon wa rodi ya fito, za ta kama shi sama da ƙasa ta yi ta ja tana nishi, "ƙiii, ƙiii," har ya miƙe, ya sirance, ya ce "tas!" Mai kyau yakan daɗe yana miƙewa. Na banza kuwa nan take yake karyewa kamar busasshen rake. Yaran da suka ji wannan ƙara da kunnensu ba sa sa hannu a kan gini da ka.

Ta daɗe tana yoyon mai. Na yi ta sintiri ofis ina roƙon 'yar robar da za ta toshe shi, ana ce mini a dakata. Da aka ji masu duba kwalejoji na tafe, sai ga kuɗin fenti ya fito. Mista Baidoo na sashen gyare-gyare ya sa aka shafe ta da kore tun daga sama har ƙasa, har da sandunan da take hawa da sauka a kansu, har cikin ramukan zuba mai. Baƙi suka yaba, suka ɗauki hoto. Da na kunna ta bayan tafiyarsu, "ƙiii" ɗaya ta yi, ta yi shiru.

Ta bar ƙanwarta mai murƙushe kankare, ita ma tana jinya. Ta bar ni. Ta kuma bar 'yan ajin ƙarshe, waɗanda za su fita bana da takardar shaida ba su taɓa ganin ƙarfe ya tsinke ba sai a zanen allo. Gidajen da za ku kwana a ciki su za su duba.

Za a fitar da gawa ranar Asabar. A sa kayan makoki, ja da baƙi. Babu tuwon kenke, babu kifi, a nemi abinci wurin waɗanda suka sayi fenti. 'Yan gwangwan za su kai ta masana'anta a narkar da ita, ta dawo kasuwa a matsayin rodi. Ko mai kyau ne ko na banza, babu sauran mai gaya mana.